SHANYEWAR ƁARIN JIKI: YADDA ZA A TAIMAKI TSOHO YA TAIMAKI KANSA

Zuwa ga Hakimai da Malamansu.

DALILIN WANNAN TAKARDA

Da wuya a sami gunduma a ƙasar nan wadda ba ta da tsoho ko tsohuwa a kwance cikin ɗaki, ɓarin jiki ya shanye. Jiya mutum yana gona ko kasuwa, ko yana zaune a fada ana shawara da shi, yau an wayi gari hannu da ƙafa sun ƙi motsi, baki ya karkace, magana ta sarƙe. In da sauran kwana, a kan kai shi asibiti ya yi 'yan makonni, a sallame shi. Daga nan sai a shimfiɗa masa tabarma a ƙuryar ɗaki, 'yan dubiya su yi ta zuwa har su gaji su daina. Galibi a nan labarinsa ya kan tsaya.

Ba tilas ne ya tsaya nan ba. Ranar sallama ita ce ranar da babban aiki ya ke farawa. Aikin nan kuwa a gida a ke yinsa, mai ciwon ne kuma shugabansa. Girman ɓarnar da ciwon ya yi tun farko ba a hannun kowa ya ke ba. Amma cikin abin da ya rage a hannun mutane, kaɗan ne abin da ya kai wannan amfani: a bar tsoho ya yi abin da zai iya da kansa, a taimake shi ya tsara sauran. An rubuta wannan takarda zuwa gare ku domin maganar Hakimi tana shiga zauren da maganar likita ba ta kaiwa, alƙalamin malami kuwa yana riƙe abin da kai ya kan manta.

ASALIN CIWON

Ciwon nan a ƙwaƙwalwa ya ke, ko da ya ke a hannu da ƙafa a ke ganinsa. Ƙwaƙwalwa ita ce mai ba gaɓoɓi umurni, kamar yadda umurni ya ke fitowa daga fada ya bi ta hannun dagatai da masu unguwa har ya isa ko wane gida. Abincinta kuwa jini ne, wanda ya ke zuwa mata ta jijiyoyi. Jinin nan ya kan yanke ta hanya biyu. Ko dai gudan jini ya toshe jijiya, ko kuwa jijiyar ta fashe jini ya malala cikin kai. Ta ko wace hanya, wurin da jini ya yanke masa ya kan mutu, gaɓoɓin da ke ƙarƙashinsa su rasa mai ba su umurni.

Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke mulkin damar jiki, na dama kuma shi ke mulkin hagu. A wurin yawancin mutane magana a ɓangaren hagu ta ke. Shi ya sa wanda damarsa ta shanye ya fi yawan rasa magana. Ciwon nan dabam ya ke da shan-inna, wadda ƙwayar cuta ke kawowa, ta fi kuma kama yara. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci ƙwarya ɗaya ko ta zama ɗaki ɗaya. Sabo da ya kan faɗo farat ɗaya, mutane da yawa su kan ce iska ce ko sammu. Amma na'urar ɗaukar hoton kai tana nuna wurin da jijiya ta toshe ko ta fashe, ƙiri-ƙiri.

Babban mai jawo shi hawan jini ne. A shekarar 2018 aka bayyana sakamakon wani babban bincike mai suna SIREN, wanda likitocin Nijeriya da Gana suka yi a asibitoci 15, har da na Kano da na Zariya, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Badun. Sun duba masu ciwon su 2,118, suka gwada su da masu lafiya tsararrakinsu. Suka tarar kusan kashi 9 cikin 10 na ciwon yana da alaƙa da hawan jini, kuma wajen mutum 1 cikin 3 fashewar jijiya ce ta same shi. Ciwon suga, da yawan kitse cikin jini, da ƙarin gishiri, da ƙarancin cin ganye, da shan taba, da rashin motsa jiki, duk suna cikin abin da suka lissafta. Ƙungiyar duniya mai kula da wannan ciwo ta ƙiyasta cewa cikin mutum 4 da suka wuce shekara 25, 1 zai gamu da shi kafin ƙarshen ransa. Ta kuma keɓe ran 29 ga Oktoba ta ko wace shekara domin faɗakarwa a kansa.

RANAR FARKO

Kafin a zo maganar gida, wajibi ne a san abin yi ranar da ciwon ya faɗo. Alamu uku ne: fuska ta karkace gefe ɗaya, hannu ko ƙafa ɗaya ya yi nauyi, magana ta sarƙe ko ta ɓace. In an ga ko da ɗaya, a lura da sa'ar da abin ya fara, a nemi mota nan da nan zuwa babban asibiti mafi kusa. Akwai allurar narkar da gudan jini a waɗansu manyan asibitoci, amma ba a yinta in an wuce awa huɗu da rabi, ba a kuma yinta sai an ɗauki hoton kai. Kada a ɗura masa kome a baki, ko ruwa, ko jiƙo, ko rubutu, ko ƙwayar magani, domin maƙogwaro ma ya kan shanye, abin ya bi hanyar numfashi ya shiga huhu. A kwantar da shi ta gefe, a yi masa addu'a ana cikin tafiya. Ko alamun sun wuce da kansu bayan 'yan mintoci, lalle a kai shi a ranar, don gargaɗi ne na babban da ke tafe.

YADDA JIKI YA KE FARFAƊOWA

Wurin da ya mutu cikin ƙwaƙwalwa ba ya komowa. Amma maƙwabtansa suna iya koyon aikinsa. Misalinsa kamar gada ce ruwa ya cinye. Matafiya su kan ratsa daji su nemi wata mashiga. Ran farko da ƙyar a ke wucewa, amma in ana bi kullum sai ta zama turba, in aka daina bi ciyawa ta rufe ta. Haka sababbin hanyoyin ƙwaƙwalwa su ke. Maimaitawa ce ke buɗe su, kuma sai mai jikin ya yi niyyar motsin da kansa. Matsa da shafa mai suna da daɗi, suna kuma rage sandarewa, amma ba su koya wa ƙwaƙwalwa tafiya. Mai son tafiya sai ya yi ta gwada tafiya, mai son riƙe cokali sai ya yi ta gwada riƙewa.

Sauƙi ya fi saurin zuwa cikin wata 3 na farko, ya ci gaba har wata 6, sa'an nan ya rage gudu. Bai tsaya ba, mutane suna ƙaruwa har bayan shekaru in sun lizimci aiki. Amma watannin farkon nan kamar ruwan shuka su ke, wanda ya bari suka wuce yana kwance ya yi hasarar da ke da wuyar mayarwa. Tsufa ba ya hana koyo, sai dai ya sa a bi a hankali. Doguwar kwanciya kuwa ita kanta ciwo ce. Tana zubar da ƙarfin tsoho cikin 'yan kwanaki, ta sandarar da gaɓoɓi, ta kawo gyambon kwanciya da ciwon huhu.

TAUSAYIN DA KE CUTARWA

A nan ne wahalar ta ke, domin ta shafi tarbiyyarmu. An hore mu kada mu bar babba ya ɗauki buta muna kallo. Ɗan kirki shi ne mai riga ubansa miƙa hannu. To, in uban ya kwanta ciwo sai ladabin ya ninka: a ba shi abinci a baki, a sa masa riga, a yi masa alwala, in an tambaye shi abu wani ya amsa masa. Duk da kyakkyawar niyya a ke yi. Amma ko wane aiki da aka karɓe masa darasi ne aka hana ƙwaƙwalwarsa. Hannun da ya fara ɗan motsi, in ya ga ba a bukatarsa, sai ya koma barci. Mutumin da ya shekara arba'in yana yanke shawarar gida, in ya ga ba a tambayarsa ko abin da zai ci, sai zuciyarsa ta mutu kafin jikinsa.

Ba cewa a ke yi a yi watsi da shi ba, Allah ya kiyaye. Cewa a ke yi ladabi ya sake kama. Ɗan da ya tsaya kusa da mahaifinsa minti goma, yana kallo yana haƙuri har tsohon ya ɗaura maɓallin riga da kansa, ya fi wanda ya ɗaura masa cikin ƙiftawar ido yi masa hidima. Hausawa sun ce, in ana cuɗa maka baya, kai kuma ka riƙa cuɗa cikinka. Ƙa'idar ita ce: abin da zai iya, a bar masa. Abin da zai iya rabi, a kama masa rabi. Abin da ya gagare shi sarai, a yi masa, amma a tambaye shi yadda ya ke so.

RIƘON JINYAR KAI

Likitoci suna da suna ga wannan hanya, ma'anarsa riƙon jinyar kai tare da tallafi. Dalilinta a fili ya ke. Ko wanda ya ke ganin likitan gashi sau biyu a mako, awa biyu ke nan cikin awa 168. Sauran duk a gida ya ke yinsu. Balle a ƙasarmu, inda likitocin gashi kaɗan ne, yawancinsu kuma a birane su ke.

Masana sun kasa aikin mai doguwar jinya kashi uku. Na ɗaya, kula da ciwon: shan magani, awon jini, motsa jiki. Na biyu, kula da matsayinsa: ya ci gaba da zama maigida, ko uwargida, ko malami, ko mai sana'a, ko da an sake fasalin aikin. Na uku, kula da zuciya: baƙin ciki, da tsoro, da fushi. Tallafin kuwa shi ne a koya masa ya sa wa kansa buri, ya warware matsala, ya san inda zai nemi taimako, ya kuma yi magana da likita a matsayin abokin shawara.

An gwada wannan a ƙasashe da dama. Farfesa Kate Lorig ta Jami'ar Stanford a Amurka ta tsara shi tun shekarun 1990 domin masu doguwar jinya iri-iri. A Landan, Farfesa Fiona Jones ta shirya wani littafi domin masu shanyewar ɓarin jiki, mai ɗauke da labarun waɗanda suka riga su shiga halin, da filin da mutum zai rubuta burinsa da ƙananan nasarorinsa. A ƙasar Niyu Zilan an gwada mutum 400 da suka koma gida bayan ciwon. Waɗansu aka zauna da su sau ɗaya ko sau biyu, ba a yi musu gashi ko allura a zaman ba, an dai bar su su faɗi ko su wane ne, da abin da su ke so su koma yi, da yadda za su kai can. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna bayan shekara ɗaya sun fi sauran jin ƙarfin jiki, masu dogara ga wani a cikinsu kuma sun fi kaɗan. A 2016 ma waɗansu masana sun tattara gwaji 14 da suka ƙunshi mutum 1,863, suka tarar wannan hanya tana kyautata zaman mai ciwon, tana ƙara masa amincewa da kansa. Ba ta maye gurbin likita, tana dai sa aikin likita ya yi auki. Ba ta kuma bukatar na'ura ko wutar lantarki. Abin da ta ke bukata mai sauraro ne da takarda.

YADDA A KE TSARA TA

Na ɗaya, a tambaye shi. Kada a ce, ga abin da za ka yi. A ce, Baba, ko Inna, me ka fi so, me kika fi so, a koma yi? Burin da ɗa ko likita ya zaɓa ba ya tayar da tsoho da asuba. Nasa shi ke tayar da shi. Wani zai ce salla cikin jam'i, wani majami'a ran Lahadi, wani zaman majalisa a ƙofar gida, wata ta ce ta zaga bayan gida ba tare da surukarta ta riƙe ta ba.

Na biyu, a yanka burin ƙanana. A ce wani dattijo yana so ya koma masallacin unguwa, mai nisan taki 200 daga ƙofarsa, yanzu kuwa da ƙyar ya ke tsayuwa. Aikin makon farko: ya tashi daga kujera ya zauna sau 10, safe da yamma, ɗansa na tsaye a gefen da ke da rauni. In wannan ya zauna, sai takawa daga ɗaki zuwa tsakar gida. Daga nan zaure, daga nan inuwar ƙofar gida, daga nan rabin hanya inda aka ajiye masa benci. Kafin ya kai, yana sallarsa a zaune, kamar yadda addini ya sauƙaƙa wa marar lafiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, aikin mako ya zama mai ƙidayuwa: mene ne, sau nawa, wane lokaci, wa zai tsaya. Ɗaura shi ga lokutan salla ko na abinci ya fi sauƙin tunawa. Sa'an nan a tambaye shi, cikin goma, nawa ka amince za ka iya? In ya ce ƙasa da 7, aikin ya yi yawa, a rage. Nasara ƙarama ta fi babbar niyya da ta faɗi, domin ko wace nasara tana haifar da ƙarfin zuciyar ta gaba.

Na huɗu, a rubuta abin da aka yi, da boko ko da ajami. Wanda ba ya karatu a ba shi ƙwarya da tsakuwa, ko ya ja zane a bango da gawayi. Mai ciwon ba ya ganin ƙaruwarsa don a hankali ta ke zuwa, amma takarda tana gani.

Na biyar, ƙarshen mako a zauna. In an cika, a yi hamdala a ƙara kaɗan. In ba a cika ba, ba faɗa. A tambaya me ya hana, shi kuma ya fara kawo dabara kafin kowa. Wataƙila takalmi ne ke zamewa, wataƙila da yamma ya riga ya gaji, sai a mai da aikin safe.

Ayyukan gida su ne mafi kyawun darasin hannu: jan carbi, ɓarar gyaɗa, tsintar wake, tankaɗe, naɗe tabarma, ƙirga kuɗi. A nuna wa likitan gashi tsarin ya duba tun kafin a fara. In kuwa ana cikin aiki ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, a tsaya a nemi ma'aikacin lafiya. Zafin nema ba ya kawo samu.

ABUBUWAN KIYAYEWA A GIDA

Kafaɗa. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, ko a ɗaga shi ta hammata. Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, ja ɗaya ya isa ya bar masa ciwon watanni. In yana zaune a ɗora hannun bisa matashi.

Kwanciya. Wanda ba ya iya juyawa a juya shi ko wace awa biyu, a duba ƙugu da duga-dugai da gadon baya. Jan da ya ƙi ɓacewa mafarin gyambo ne. Da rana a zaunar da shi, a fito da shi cikin mutane.

Ci da sha. Ya ci a zaune sosai, loma ƙanana, ba gaggawa, ya daɗe a zaune bayan ya gama. Tari ko shaƙewa wajen sha alama ce ta a gaya wa likita. Sau da yawa kunu mai kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya. A wanke masa baki, don abinci ya kan maƙale a kumatun da ya shanye.

Wuta. Ɓarin da ya shanye ba ya jin zafi sosai. Ruwan gashi mai zafi da kaskon wuta lokacin hunturu sun ƙona mutane ba su sani ba. A gwada ruwa da hannu mai lafiya. Tsaga da ƙaho kuwa ba su kai ga ƙwaƙwalwa, suna da haɗari ƙwarai ga mai ciwon suga da mai shan maganin tsinka jini.

Faɗuwa. Sanda a hannu mai lafiya a ke riƙe ta. A kawar da turmi da igiya da bakin tabarma daga hanya, a ajiye fitila da dare. Gado ko kujera mai ɗan tsawo ya fi ƙasa sauƙin tashi. A makewayi, kafinta zai iya huda kujerar katako a ɗora bisa masai, ya kafa itace a bango don kamawa. Abu ne mai araha, amma yana mayar wa mutum da sirrinsa.

TSARE KOMOWAR CIWON

Wanda ciwon ya taɓa kamawa ya fi kowa haɗarin ya sake. Hawan jini ba ya ciwo, don haka mutane su kan bar magani in sun ji garau, ko in kuɗi ya yanke. Nan ne ɓarawon ya kan komo. Maganin hawan jini na kullum ne, ba a barinsa sai da izinin likita. A auna jini a kai a kai a ɗakin shan magani na gari, a rubuta. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a sanar da ma'aikacin lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, watau ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin miya. Dunƙulen miya na kanti da kanwa su ma suna cikin lissafin. A yawaita zogale da rama da alayyafo, a bar taba ta sha da ta shaƙa. Game da azumi kuwa, a shawarci likita tun Ramadan bai kama ba. Tsohon da kansa ya kamata ya san sunan maganinsa da sa'ar shansa, ko da jikansa ne zai miƙo masa.

ZUCIYA DA HARSHE

Kusan mutum 1 cikin 3 na masu wannan ciwo ya kan shiga matsanancin baƙin ciki: ya ƙi ci, ya ƙi magana, ya ce gara mutuwa. Wannan ba ragwanci ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Wani sashe ne na ciwon, yana da magani, a gaya wa likita. Wani kuma ya kan fashe da kuka ko dariya ba dalili, shi ma daga ƙwaƙwalwa ne.

Wanda magana ta ɓace masa bai haukace ba, bai kuma koma yaro ba. Sau da yawa ya san abin da ya ke so, kalmar ce ta ƙi fitowa. A yi masa magana a hankali, mutum ɗaya a lokaci ɗaya, da tambayar da amsarta i ce ko a'a, a jira shi. Kada a yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan, kada a raba dukiyarsa ko a yanke auren 'yarsa a bayan idonsa.

A tuna da mai jinya kuma. Galibi mace ɗaya ce, mata ko 'ya ko suruka, a kan bar wa nauyin dare da rana har ita ma ta kwanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A raba kwanaki tsakanin dangi, maza su ɗauki nasu rabon.

AIKIN HAKIMI

1. Ya umurci dagatai da masu unguwa su sanar da alamu ukun nan a ko wane gari, limamai da shugabannin majami'u su maimaita.

2. Ko wane ƙauye ya san motar da za a nema da dare, da asusun man da za a zuba mata, tun kafin bukata ta zo.

3. In an sallamo wani, Hakimi ko wakilinsa ya je dubiya, ya tambayi tsohon da kansa burinsa a gaban iyalinsa. In ya koma bayan wata guda ya ce a nuna masa inda aka kai, gidan duka zai tashi tsaye.

4. Ya nemi Ƙaramar Hukuma ta tanadi ma'aunin jini mai aiki da maganin hawan jini a ɗakunan shan magani, ta kuma shirya likitan gashi ya riƙa zuwa gunduma ko da sau ɗaya a wata, ya koya wa ma'aikatan lafiya da iyalai. Akwai sashen gashi a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da Asibitin Ƙashi na Dala. A watan Mayu na 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da cewa ƙasashe su shigar da aikin farfaɗo da majinyata cikin kiwon lafiya tun daga matakin farko, sabo da haka roƙon yana da madogara.

5. Ya haɗa waɗanda suka sami sauƙi da sababbin kamu, su riƙa zama a zaurensa lokaci lokaci, mata kuma a cikin gida. Ganin tsararka yana takawa da sanda ya fi wa'azi dubu.

6. Ya sa a gyara hanyar shiga fada da masallaci da kasuwa. Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta wajabta a sauƙaƙa musu shiga gine-ginen jama'a. Mai sarauta ko ɗan majalisar da ciwon ya taɓa, in hankalinsa na nan, a bar masa wurin zamansa.

AIKIN MALAMI

Malamin Hakimi ya buɗe littafi, da yardar masu ciwon, ya rubuta suna, da gari, da ranar kamu, da mai jinya, da ranar komawa asibiti. Littafin nan amana ne, ba na karantawa a majalisa ba ne. Ya zana wa ko wane gida takardar mako mai gida shida: babban buri, aikin wannan mako, sau nawa, amincewa cikin goma, abin da aka yi, awon jini. Ya rubuta burin da kalmomin mai shi, kada ya gyara masa. Ya karanta wa iyali takardar sallama, ya tuna musu su tafi da takardun mako duk ran da za a ga likita. Malami ba ya rubuta magani, ba ya canja shi. Aikinsa ya riƙe lissafi, ya kuma sanar da Hakimi gidan da aka ga tsoho ya koma ƙuryar ɗaki.

KAMMALAWA

Ba kowa ne zai koma gona ba. Akwai wanda iyakarsa ya ci tuwo da hannunsa, akwai wanda iyakarsa ya zauna a ƙofar gida yara su gaishe shi. Ko wanne cikin waɗannan mutunci ne da aka ƙwato. Dattawan nan su suka riƙe garuruwanku da ƙarfinsu, hakkinsu ne a bar musu ragamar abin da ya rage na rayuwarsu. Warkarwa ta Allah ce, amma an ce tashi in taimake ka. Ana roƙon ko wane Hakimi ya sa a karanta wannan takarda a zaman dagatai mai zuwa, malami kuma ya buɗe littafinsa a makon nan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa Sarki da Hakimai lafiya da adalci, amin. Haza wasalam.

Daga Ofishin Watsa Labaru.